Shekarau a Rugar Masu Kiwon Tsoro

A ƙarƙashin ƙasar nan da muke takawa, can ƙasa da inda saiwar kuka take ƙarewa, akwai wata rugar aljanu da ba a kiwon shanu ko tumaki a cikinta. Tsoron 'yan Adam ake kiwo. Duk mai numfashi a doron ƙasa yana da dabbarsa a garken nan, kuma duk lokacin da ya guje wa abin da yake tsoro, dabbar tana can tana samun harawa. Mutum ɗaya aka sani ya je rugar da ƙafarsa ya dawo, shi ne Shekarau ɗan Jatau, mutumin Tsaunin Gawasa, wanda duk garinsu aka haɗu a kan babu matsoraci irinsa.

In ka ga Shekarau sai ka ce sharri ake masa. Ƙato ne na gaske, ya taɓa ciccibo jaki da kayansa daga cikin taɓo, ya taɓa riƙe bijimin da ya ɓalle a kasuwa har aka ɗaure shi. Maciji bai dame shi ba, kura ma haka. Amma kai shi bakin rijiya ka ga ikon Allah. Tafin hannunsa ya jiƙe, maƙogwaronsa ya bushe, ƙirjinsa ya kama dukan tara-tara, gwiwoyinsa su saki, ya riƙa ji kamar ransa zai fita nan take. Ba ya shiga rumbu, ba ya kwana ɗaki sai ƙofa a buɗe. Asalin abin tun yana ƙarami ne. Suna wasan ɓuya ya shige rumbun kakarsa, wani ya zo ya rufe bai sani ba, yaro ya wuni a ciki yana ihu babu mai jinsa. An fito da jikinsa dai, amma wani sashe na zuciyarsa a can ya zauna.

Abin takaicin shi ne gidansu gidan haƙar rijiya ne tun kaka da kakanni. Ubansa Jatau ya tsufa a cikin rami, kuma yana da ƙa'idoji biyu da ba ya wasa da su. Kafin mutum ya sauka sai an zura fitila a gani, in ta mutu to iskar ƙasa ba ta da kyau. Kuma wanda ke ƙasa ba ya yin shiru. Waƙa yake yi, wata tsohuwar waƙar gidansu mai jan baƙi, wadda ba ta yiwuwa sai mutum ya ja numfashi ya cika ciki ya sake shi a hankali. Muddin mai riƙe igiya yana jin waƙa, na ƙasa lafiya yake. Da waƙa ta yanke, ba tambaya, jawo shi ake yi. Shekarau shi ne mai riƙe wa ubansa igiya, amma baya yake juya wa rijiyar, ya ɗora igiyar a kafaɗa yana kallon gari, kunnensa kawai ke aiki. Dogara mahauci ba ya wucewa sai ya ce, "Sannu da gadin iska, na Jatau!" Shekarau yakan yi murmushi, amma maganar tana ci masa rai.

Wata shekara rani ya yi tsanani, rijiyoyin gari suka ƙafe, Jatau ya sauka tsohuwar rijiyar bakin kasuwa da daginsa don ya ƙara mata zurfi. Da hantsi waƙa tana tasowa kamar kullum:

Ƙasa, ƙasa, buɗe mini hanya,
Baƙo ne ni, ba zan daɗe ba.
Na sama, riƙe mini igiya,
Ina nan, ina numfashi.

Kwatsam sai aka ji ƙasa ta yi gurnani, waƙa ta yanke a tsakiya. Shekarau ya finciko igiya da dukkan ƙarfinsa, ta biyo shi sakayau. Babu Jatau a jikinta, sai wata baƙar jela da aka ƙulla. Kafin mutane su gama taruwa, wata murya ta taso daga cikin rijiyar, mai kauri kamar ana magana a cikin tulu.

"Ya ku mutanen sama, mai dagi ya huda rufin rugarmu, ya firgita mana garke, mun riƙe shi. In mai riƙe masa igiya yana sonsa, ya sauko da ƙafarsa kafin rana ta faɗi. Wanin sa in ya sauko, ƙofa ba za ta buɗu ba. In kuwa rana ta faɗi, tsoho ya zama makiyayinmu har abada."

Kowa ya juya ya dubi Shekarau. Shi kuwa tuni gumi ya wanke shi.

Nan fa masu shawara suka yi masa caa. Wannan ya ce ai namiji ba ya tsoro, wancan ya ce ya tuna nonon da ya sha. Dogara ya ce duk ɓata lokaci ne, a ɗaure masa ido a zura shi da ƙarfi, in ya ji shi a ƙasa dole ya saba. Majiya ƙarfi suka taru suka danne shi, suka naɗe masa fuska da rawani, suka kinkime shi. Da sanyin bakin rijiya ya taɓa masa ƙafa, Shekarau ya yi wata kururuwa, ya watsar da su kamar buhunan ƙaiƙayi, ya zura a guje bai tsaya ba sai bayan gari. A daidai lokacin aka ji wani kuka daga ƙasa, irin na saniyar da ta ƙoshi, aka kuma ji ana dariya.

Matarsa Lantana ce ta iske shi a gindin wata tsamiya, ya haɗa kai da gwiwa yana kuka. 'Yar ƙaramar mace ce mai kaifin baki, amma ran nan ba ta yi masa gori ba. Ta zauna kusa da shi har kukan ya lafa.

Ya ce, "Lantana, na kashe Baba. Wallahi ina so in sauka, jikina ne ya ƙi. Ni kaina na san rijiya ba ta cizo."

Ta ce, "Maigida, waɗancan wawayen ne suka so su sa ka haɗiye tuwo da malmala. Ka san ni da kake gani, ina yarinya kaza ko motsi ta yi sai na suma? Gwaggona ba ta jefa ni a akurki ba. Gashin kaza ta fara ba ni in riƙe, har na daina rawar jiki. Daga nan ɗan tsako. Yau wa ke fige maka kaza a gidan nan?"

"Ke ce."

"To, tashi. Ban ce ka shiga rijiya ba. Mu je inda za ka hango bakinta kawai, mu tsaya. In zuciyar ta buga, ƙyale ta ta buga, za ta gaji. Kai dai kada ka juya baya."

Suka koma. Lantana ta kori 'yan kallo, ta ce wa Dogara in ya sake buɗe baki da muciya za ta rufe masa. Shekarau ya tsaya daga nesa yana duban bakin rijiyar. Ƙirjinsa ya buga, ya buga, har ya tabbata faɗuwa zai yi. Bai faɗi ba. Can sai ya ji bugun ya fara sassautawa don kansa, abin da bai taɓa tsayawa ya gani ba tun da yake, don kullum kafin a kai nan ya gudu. Ya matsa gaba, tsoro ya sake tasowa, ya sake jira har ya kwanta. A haka har ya dafa gungumen bakin rijiya ya leƙa.

Lantana ta zura fitila, ba ta mutu ba. Ta ɗaura masa igiya a ƙugu, ta ce, "Yau ni ce mai riƙe maka. Ƙa'idar gidanku zan bi: ina jin waƙa ina saki, ta yanke in jawo ka, ko da duk matan garin nan zan tara."

Shekarau ya yi bisimilla, ya sa ƙafa a ramin farko na ramukan da ubansa ya sassaƙa a bango. Ya buɗe baki zai yi waƙa, murya ta fito kamar ta ɗan akuya. Ya ja numfashi ya cika ciki kamar yadda ya sha jin tsohon yana yi, ya sake shi a hankali tare da baitin, sai ya ji ƙirjinsa ya ɗan buɗe. Ashe waƙar nan da ya yi shekaru yana saurare ba don mai igiya kaɗai aka yi ta ba. Yana sauka yana tsayawa, yana jiran zuciyarsa ta iso shi, har bakin rijiya ya koma kamar farin faifai a sama.

A ƙasa ya tarar da dagin ubansa a yashe, da wata ƙofa ta baƙin dutse. Wani dogon aljani na zaune a bakinta, idonsa ɗaya a tsakiyar goshi, kunnuwansa sun zubo har kafaɗa. Shekarau ya yi sallama, muryarsa na rawa.

Aljanin ya ce, "Amin, wa alaikumus salam. Ya kai ɗan Adam, wane ne kai, kuma me ka ɗauko mana?"

"Ranka ya daɗe, ni ne Shekarau mai riƙe igiya. Ban ɗauko kome ba sai tsoro, shi kuwa ya cika mini ciki."

Aljanin ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Da ka ce ba ka jin tsoro, da ƙofar nan ba ta motsa ba, don ba ta buɗe wa maƙaryaci. Wuce. A gabanka akwai Lungun Numfashi. Ba ni da izinin gaya maka halinsa, amma sunansa ya ishe ka."

Ƙofa ta buɗe, Shekarau ya shiga wani siririn lungu mai duhu. Bai yi nisa ba ya ji kafaɗunsa na gogar bango. Hankalinsa ya tashi, numfashinsa ya koma sama-sama, sai bangon ya matso. Ya ƙara haki, bango ya ƙara matsowa, har ya kama shi ta ƙirji da baya. Ya so ya juya, babu wurin juyawa. Da ƙyar ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na iska ya ja baitin farko, a hankali, a hankali. Bangon ya ja baya da faɗin tafin hannu. Ya sake ja, ya sake buɗewa. Shekarau ya yi dariyar da bai shirya ba, ya ce, "Af, ashe ni ke matse kaina!" Ya ci gaba yana waƙa, lungu yana buɗe masa, har ya zama raƙumi ma zai wuce da kaya.

Ya fito wani fili da ido ba ya ganin ƙarshensa. Ciyawar wurin fara ce, sararin sama kuwa ƙasa ce, saiwoyin itatuwa na reto daga cikinta. Haske ɗaya ne, shi ne wanda ke zubowa ta hudar da dagin Jatau ya yi, ya kuma fara yin ja. Ko'ina garke ne na halittu iri-iri, aljanu na zagaye su da ƙore suna tatsa. Shugabansu ya taso, tsoho mai gemu har gwiwa, da malafa da sanda ta farin ƙarfe.

Ya ce, "Maraba da ɗan Adam. Ni ne Arɗon wannan ruga. Mun daɗe muna sa maka albarka ba ka sani ba, don duk garken nan babu dabbar da ke ba mu nono kamar taka. Zo ka ga dukiyarmu."

Ya zaga da shi. Ga wata mage ƙatuwa kamar raƙumi tana lasar ƙafa. Arɗo ya ce ta Dogara mahauci ce, wanda kan canza hanya in ya hango kyanwa. Shekarau ya riƙe baki. Ga wani ƙadangare mai girman kada, na Sarkin Yaƙin wata ƙasa. Ga wata halitta jikinta duk idanu, ta wani malami mai tsoron magana a taro. Wasu kuma ba su da siffa sam, hayaƙi ne kawai ke murɗawa, Arɗo ya ce na masu kwana da fargabar gobe ne. Shekarau ya ga babu wanda ba shi da dabba a nan, sai ya ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa, don shi a zatonsa shi kaɗai Allah ya jarraba.

A gefe guda ya ga wata 'yar baƙar aba kamar ɗan akuya, ramammiya, ɗaure a turke. Ya tambaya ta wace ce.

Arɗo ya tsuke fuska. Ya ce, "Ta ubanka ce. A da ta kai giwa, don yana saurayi ko leƙa rijiya ba ya iyawa. Sai ya kama sauka kullum, kullum, har ya mayar mana da ita haka. Ba ta mutu ba, ita ce ke sa shi zura fitila kafin ya sauka. Amma nononta ko kurɓi ɗaya bai kai ba. Mugun mutum ne ubanka."

Shekarau ya tsaya kamar an dasa shi. Baba ma? Sai ya tuna tsohon bai taɓa yi masa gori ba ko sau ɗaya, idanunsa suka ciko.

"Ranka ya daɗe, ina Babana?"

Arɗo ya nuna da sandarsa. Abin da Shekarau ya ɗauka tsauni ne a ƙarshen fili sai ya motsa. Baƙa ce ƙirin, ba ido, ba ƙafa, sai wani zagayayyen baki a gaba, irin bakin rumbu sak. Aljanu sun yi layi a gindinta da ƙore.

"Ga dabbarka, ya ɗan Adam. Ɗazun nan ma da ka ruga bayan gari ta ƙara ƙiba. Ubanka yana cikinta. Ka shiga da ƙafarka ka fito da shi, ku tafi, ba mai tare ku. Amma in ka fito ba tare da shi ba, ko da gudu, ko da jan igiya, ta ninka girmanta, ku biyun kun zama namu." Sai ya sassauta murya. "Ko kuwa mu yi wani ciniki. In yanka maka ita yanzu, ka koma gida ba ka tsoron kome a duniya, a riƙa yi maka kirari. Ka bar mana tsohon kawai. Ai ya ci zamaninsa."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shigi Shekarau. Ya hango kansa yana shiga rumbu yana fita, Dogara na sunkuyar da kai. Amma sai ya dubi 'yar baƙar abar nan ta ubansa a turke.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Mai haƙar da ba shi da tsoro ko kaɗan ba zai zura fitila ba, a ramin farko zai mutu. Kuma ni ba jarumta na zo nema ba, Babana na zo ɗauka."

Ya nufi dabbar yadda ya nufi rijiya: ya matsa, ya tsaya, ya jira zuciyarsa, ya sake matsawa. Sau ɗaya ya kau da kai, nan take ta ƙara tsawo, sai ya mayar da idonsa kanta bai sake ɗaukewa ba. Da ya isa bakinta wani wari ya buge shi, warin tsohon gero da ƙasa da kashin ɓera. Ya san warin nan. Ya sunkuya ya shiga, bakin ya rufe a bayansa.

Duhu ya haɗiye shi. Nan take ƙaton nan ya koma ɗan yaron da aka rufe a rumbu. Ya ji ihun kansa na wancan wuni yana dawo masa daga bango, ya ji ƙaiƙayi a wuyansa, ya ji babu iska, babu kowa, ba kuma mai zuwa. Waƙa ta yanke.

Sai ya ji igiyar ƙugunsa ta miƙe.

Lantana ce ke cika alkawari. Igiya ta fara jansa baya, da ƙarfin mata masu yawa, ƙafafunsa na jan ƙasa. Daga waje ya jiyo aljanu sun fara guɗa. Wani sashe na zuciyarsa ya ce, bar ta ta ja ka, ai ba gudu ka yi ba. Amma ya san in ya fita a haka, ya fita ke nan ba uba. Ba shi da hanyar gaya mata ta dakata sai guda ɗaya.

Ya durƙusa, ya kafa yatsunsa a ƙasa. Ya ce wa kansa, wancan yaron ba wanda ya san inda yake, ni kuwa ga igiya a ƙuguna, ana jina. Ya ja numfashi, ya tsaya a wuya. Ya sake ja, ya kai ƙirji. A na gaba ya cika ciki, ya sake shi a hankali, murya na karkarwa:

Na sama, riƙe mini igiya,
Ina nan, ina numfashi.

Igiya ta tsaya. Can sai ta yi sako-sako.

Daga cikin duhun wata dusasshiyar murya ta karɓa masa baitin. Shekarau ya rarrafa wajenta yana waƙa, har hannunsa ya taɓa wata ƙafa mai kaushi da ya sani.

"Baba!"

"Shekarau? Kai ne ka sauko?" Tsohon ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Kada ka yi saurin fita, ɗana. Zauna tukuna. In ka fita da gaggawa, gobe ma tana nan yadda take."

Suka zauna, uba da ɗa, a tsakiyar abin da Shekarau ya fi tsoro a duniya, suna waƙa. Tsoro ya taso masa ya kwanta, ya sake tasowa bai kai na farko ba. Har ya kai ga ya miƙe ƙafa ya jingina da bango. Rumbu ne kawai, mai warin gero. Sai suka ji bangon yana yanƙwanewa kamar salkar da ruwanta ya tsiyaye, haske ya fara ratsowa, bakin ya wangame. Shekarau ya goya ubansa ya fito yana takawa ɗai-ɗai. Da ya waiwaya, tsaunin nan ya koma wata 'yar baƙar aba kamar bushiya, tana makyarkyata a cikin ciyawa.

Aljanu suka zubar da ƙore suna salati. Arɗo ya dafe kai ya ce, "Kaico! Kun gama da mu, ku mutanen gidan nan. Ya ɗan Adam, ka ci. Alkawari alkawari ne, ku tafi, za mu kuma sakar muku idon ruwan da muka toshe, don kada wani naku ya sake huda mana rufi. Amma ka sani ba ta mutu ba. Ranar da ka koma juya wa rijiya baya, za ta fara cin harawa."

Shekarau ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. A ɗaure mini ita kusa da ta Baba. Zan riƙa leƙo ta."

Hasken hudar nan ya yi jawur lokacin da suka bi Lungun Numfashi, wanda yanzu ko kafaɗarsa bai taɓa ba. Dogon mai gadi ya miƙe tsaye ya ba su hanya. Suna fara hawa, ruwa ya ɓulɓulo a ƙarƙashinsu, mai sanyi, yana bin dugadugansu. Shekarau ya hau da ubansa a baya yana waƙa da dukkan muryarsa, rijiya na amsawa, har kansa ya ɓullo a daidai lokacin da rana ke taɓa kan itatuwa.

Gari ya ɗauki guɗa. Sai a nan ya ga igiyar da ta kai shi wata duniya: igiyoyin gugan gari ne kaf aka ƙulla, da na ɗaurin awaki, da majanyu, har da ɗankwalaye. Lantana na zaune a ƙasa, tafin hannunta ya sale, kunnenta manne da igiya. Ta dube shi, hawaye na zuba, ta ce, "Maigida, muryarka dai ba daɗi, amma kada ka kuskura ka sake yi mini shiru."

Dogara ya kutso yana cewa ai shi dama ya san na Jatau namiji ne. Shekarau ya kama hannunsa ya raɗa masa a kunne, "Na ga magenka, ta ƙoshi ƙwarai. In ka shirya ka zo gida, Lantana za ta fara maka da gashin mage." Daga ranar Dogara bai sake tsokanar kowa ba. An ce bayan kwana biyu an gan shi yana sallama a ƙofar gidan, yana waige-waige.

Washegarin fitowarsu daga rijiya aka kira su yasar wata rijiya a unguwar marina. Jatau ya ɗauki dagi kamar kullum, Shekarau ya karɓe shi daga hannunsa, ya miƙa masa igiya. Ya zura fitila, ya ɗaura ƙugu, ya tsaya a bakin rami. Tsohon ya lura ɗansa ya ɗan dakata yana jan numfashi.

Ya ce, "Tana nan ko?"

Shekarau ya ce, "Tana nan, Baba. Amma yau ma da yunwa za ta wuni."

Ya sa ƙafa ya sauka. Jatau ya zauna a bakin rijiya, igiya a hannu, fuskarsa na duban ramin. Can ƙasa waƙar gidansu ta taso da muryar ɗansa, tsohon ya sa gefen rigarsa ya share ido, ya ci gaba da sakin igiya.